Ciyawar da Ake Kashe Kuɗi a Kashe, Sannan a Yi Kukan Mutuwarta

A filin wasan golf babu wuri mai tsada kamar 'yar shimfiɗar ciyawar da ke kewaye da rami, inda ake ƙarasa bugun ƙwallo. Ana aske ta kusan kullum har tsayinta ya koma milimita uku. A ƙasashe masu sanyi irin su arewacin Amurka da Kanada, ciyawar da ake shukawa a wurin ita ce wadda ake kira bent, mai yaɗo da laushi. Sai dai akwai wata baƙuwa da ba a gayyata ba, Poa annua, wadda ke shigowa ta tafin takalmi da bakin injin yanka, ta zuba iri ko da an aske ta ƙasa-ƙasa, har ta mamaye shimfiɗar cikin 'yan shekaru.

Shekara da shekaru masu kula da filaye suna yaƙi da ita da maganin feshi, kuma yaƙin bai ci ba. An sha samun Poa da ta daina jin magunguna iri-iri, domin duk wadda ta tsira daga feshin bana ita ke haifar ta baɗi. Wani sabon magani mai suna PoaCure, wanda aka ƙirƙiro a Koriya ta Kudu, ya samu izinin hukumar kare muhalli ta Amurka a 2019, yana kuma kashe ta sannu a hankali ba tare da ya ƙone bent ba. Yana aiki, amma babu dalilin zaton cewa shi kaɗai zai tsira daga abin da ya samu na gabansa.

Masu goyon bayan feshi suna da hujja mai ƙarfi, kuma hunturu ne ke ba su ita. Idan dusar ƙanƙara ta narke da rana, ruwan ya kwanta a kwari, sannan dare ya daskarar da shi, sai ƙanƙara ta rufe ciyawa ruf kamar murfin tukunya. Iska ba ta shiga, gurɓatacciya ba ta fita, ciyawar ta shaƙe. Bent na iya jure wannan har kwana 120, ita kuwa Poa takan fara mutuwa tsakanin kwana 45 da 90. Akwai kuma wata illar da ta fi wannan saurin kisa: Poa na saurin farkawa da zarar an ɗan samu ɗumi, gindinta ya sha ruwa, idan sanyi ya dawo kwatsam sai ruwan ya daskare a cikinta ya farfasa ta. A hunturun 2013 zuwa 2014 haka ta faru a Mishigan da Ontariyo da kewayen Shikago. Da ƙanƙara ta janye, filaye da dama suka tarar da shimfiɗunsu sun zama tabo-tabo masu wari, wasu ba su buɗu sosai ba sai da bazara ta yi nisa. Inda bent ta fi yawa, ɓarnar ta zo da sauƙi.

Duk da haka, ɗora wa Poa laifin gaba ɗaya kuskure ne. Ita ciyawa ce mai son inuwa da danshi da ƙasar da sawu ya danne. Shimfiɗar da ruwa ke kwanciya a kanta, wadda itatuwa suka tare mata hantsi, ita ce Poa ke mamayewa, kuma ita ce ƙanƙara ke daɗewa a kanta. Ke nan matsala ɗaya ce ta haifi biyun. Wanda ya fesa magani ya bar magudanar ruwa a toshe, ya bar itatuwan a tsaye, ya share wa Poa wuri ne kawai ta dawo, domin irinta na nan jibge a cikin ƙasa. Gyaran gangara da haƙa magudana da sare itacen da mambobin kulob suka saba gani shekara talatin sun fi feshi tsada da jawo rigima, shi ya sa ake gudun su.

Abin da ya faru a Chambers Bay, kusa da Takoma a jihar Washinton, ya isa misali. An shuka filin da ciyawar fesku, aka ba shi gasar US Open ta 2015, wadda Jordan Spieth ya lashe. Kafin gasar Poa ta riga ta kutsa, kuma da yake ciyawun biyu ba sa girma da sauri ɗaya, ƙwallo ta riƙa tsalle maimakon gangarawa. Henrik Stenson ya kwatanta wurin da buga ƙwallo a kan burokoli. Masu filin ba su ƙara yawan magani ba. A ƙarshen 2018 suka rufe shi, suka ɗaye shimfiɗun, suka dasa Poa zalla, suka sake buɗewa a 2019. Yanayin gaɓar tekun mai laima da sanyi maras tsanani nata ne tun asali. Pebble Beach a Kalifoniya da Oakmont a Fensilbaniya, wadda ta karɓi US Open karo na goma a 2025, duk Poa ce a shimfiɗunsu, kuma na Oakmont suna cikin mafiya santsi a duniya.

Wannan ba ya nufin kowa ya rungume ta. A Mishigan ko Kubek, inda ƙanƙara ke iya kwana wata uku, komawa bent shawara ce mai hankali, muddin an haɗa da gyaran ƙasa. Mai kula da fili yakan san wannan sarai. Wanda bai sani ba shi ne mamban da ya kalli Augusta a talabijin cikin watan Afrilu, kore shar, ya manta cewa filin yana Jojiya ne, yana da na'urorin zuƙe ruwa a ƙarƙashin shimfiɗunsa, ana kuma rufe shi duk tsawon lokacin zafi. Shi ne ke zuwa taron kulob yana neman a kori ma'aikaci saboda tabon da ƙanƙara ta bari, kuma shi ne ya ƙi amincewa da kuɗin magudana a taron bara.