Kafin a ce an yafe, a auna direban

Da zarar kaka ta kama, titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Bakori ya shiga Malumfashi ba ya barci, haka ma reshen da ke gangarowa Kafur. Kanta da tirela suna kwasar masara da waken suya tun kafin kiran assalatu, ɗan acaba yana ɗauko buhu biyu daga Gozaki ko Mahuta ga mai kayan a zaune a kansu, direba kuma yana so ya yi sawu uku a ranar da sawu biyu kaɗai jikinsa zai iya ɗauka. A teburin mai shayin bakin tasha ake cike giɓin. Matashi ya ɓallo ƙwaya daga takardarta, ya jefa a kofi, ya juya da cokali har ta narke cikin madara, ya shanye a tsaye, ya goge baki ya nufi mota. Idan ka tambaye shi, ba zai ce maye ya yi ba, zai ce maganin gajiya ya sha. Kafin rana ta ɗaga yana kan titi da lodin hatsi a bayansa, yana wuce 'yan makaranta da masu tura amalanke.

Tambayata ita ce, ranar da abin ya ɓaci, wa ke biyan kuɗin wannan kofin shayi? A takarda, direban ne da mai motar da kamfanin inshorarsu. A zahiri kuwa, a yankinmu wanda aka buge ne ke biya, shi da matarsa da 'ya'yansa. Wani zai ce ai tuƙi cikin maye matsalar Legas ce da Fatakwal, mu nan Katsina jihar shari'a ce tun shekarar 2000, ga kuma Hisba. Giya dai ba ta ɓace ba, ta koma cikin 'yar leda da ƙaramar kwalbar da ke shiga aljihu. Amma babban abin da ke juya kan direbobinmu ba ya wari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda a Najeriya, kusan miliyan uku daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol da wiwi ba su bar tasha ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar da ta tsara aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta haɗa giya da ƙwaya wuri guda, ta sa iyakar barasa a jinin direba ta zama rabin giram a kowace lita, ta yanke wa wanda ya karya tarar naira 5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Wanda ya kashe rai ta hanyar tuƙin ganganci zai iya shan ɗaurin shekara bakwai. A 2007 naira 5,000 ta kusa kai mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda, wanda a lokacin naira 5,500 ne. Yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuma naira 5,000 ba ta sayen litar fetur goma. Kotun shari'a tana da bulala tamanin ga Musulmin da aka tabbatar ya sha giya, sai dai bulala haƙƙin Allah ce a kan mashayi, ba ta biya wa wanda aka karya wa ƙafa kuɗin aiki a asibitin ƙashi na Dala. A Ingila, inda muka gaji yawancin dokokin titinmu, abin da direba ya fi tsoro ba tara ba ce. Wanda aka kama ana ƙwace masa lasin na aƙalla shekara guda, laifin ya zauna a tarihin lasinsa shekara goma sha ɗaya, kamfanonin inshora kuma su tsauwala masa kuɗi duk lokacin da ya zo sabuntawa. Laifin yana bin mutum, shi ya sa yake tsoratarwa.

A nan laifin ba ya bin kowa, domin tun farko ba a rubuta shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a titunan ƙasar nan a 2024, kuma a jerin dalilanta gudun wuce kima ne ke kan gaba kullum, maye kuwa kaso ne ƙanƙani. Wannan ƙanƙantar ba ta kwantar mini da hankali, domin abin da ba a auna ba ba zai fito a lissafi ba. Na'urar da ake hura wa iska barasa kaɗai take gani, tiramol sai an gwada yawu ko fitsari ko jini. Idan haɗari ya auku tsakanin Kafur da Malumfashi da dare, jama'a na ta kan ceton rai, direban ya gudu daji don tsoron duka, ya miƙa kansa ga 'yan sanda bayan kwana biyu, lokacin da jikinsa ya fara wanke shaida. A rubuta "birki ya tsinke" ko "mota ta ƙwace". Daga wannan layi guda na takardar 'yan sanda sauran asarar ke farawa.

Sai batun inshora, wadda yawancinmu muka ɗauke ta a matsayin takardar wuce shinge. Tana ninke cikin leda tare da sauran takardun mota, ta yi baƙi da man hannu, mai ita bai taɓa karanta sunan kamfanin da ke kanta ba, don wani ne ya haɗo masa ita a bakin ofishin lasin. Alhali tun dokar 1945 wajibi ne kowace mota ta mallaki inshorar da ke kare mutanen da za ta iya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, ta ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan uku. Babbar motar dakon kaya naira 100,000 ce, da biyan da ya kai miliyan biyar, babur kuma naira 3,000, da biyan da ya kai miliyan ɗaya. Rauni da rasa rai ba su cikin wannan iyaka, nasu biyan daban ne. 'Yan sanda sun ƙaddamar da kamen marasa inshora daga 1 ga Fabrairun 2025. Duk kuɗin da kamfanin inshora ke biya na wanda aka buge ne, amma takardar bogi ba ta da kamfanin da za a je wurinsa, ta gaskiyar kuma ba wanda ke gaya wa iyalan mamaci cewa suna da haƙƙi a cikinta. Shi ma mai motar da ya sayi cikakkiyar inshora ya sani cewa irin waɗannan yarjejeniyoyi sun saba cire ɓarnar da ta faru direba na cikin maye, don haka gyaran motarsa a wuyansa yake. A Ingila an raba abin gida biyu: kamfani ba zai fake da mayen direba ya hana wanda aka buge haƙƙinsa ba, zai biya shi tukuna, sannan ya juya ya bi direban bashin kuɗin. Wannan shi ne tsarin da ya kamata mu dage a gani a aikace, domin yana sa nauyin ya sauka a kan mai laifi ba tare da an bar maraya yana jiran ƙarshen shari'a ba.

Abin da ya fi nauyi a cikin hujjojin masu adawa da wannan magana shi ne yafiya, kuma ba na raina ta. Kowa ya san yadda zaman yake. Ranar sadakar uku, shugabannin 'yan tasha da mai motar su zo zauren gidan mamaci da buhun shinkafa da ɗan abin da aka naɗe a ambulan, mai unguwa da liman na gefe. A yi addu'a, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wan mamacin ya sunkuyar da kai ya ce sun bar wa Allah, a je a gaya wa 'yan sanda an sasanta. Matar tana cikin ɗaki tana takaba, ba wanda ya tambaye ta, yaran kuma ba su kai sanin abin da aka yafe da sunansu ba. Yafiya abu ce mai girma, Alƙur'ani ya yabe ta. Amma ayar kisan kuskure da ke Suratun Nisa'i ta fara ne da tabbatar da diyya ga iyalan mamaci da kaffara a kan wanda ya kashe, sannan ta buɗe ƙofar sadaukarwa ga masu haƙƙin. Diyya raƙumi ɗari ce ko dinari dubu na zinariya, sama da kilo huɗu, wato ɗaruruwan miliyoyin naira a farashin yau. Dukiyar magada ce, kuma malamanmu na Malikiyya ba su ba waliyyi damar kyautar da dukiyar maraya don jin kunyar baƙi ba. Sannan mutumin da aka ce masa birki ne ya tsinke, abin da ya yafe daban ne da abin da ya faru idan ƙwaya ce ta tuƙa motar. Ya yafe ƙaddara, alhali ganganci aka yi masa.

Masu cewa inshora haramun ce suna da madogara, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba. Amma a wannan zaman ta halatta ta taimakekeniya, wadda muke kira takaful, kuma tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta, ga kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna sayar da ta mota. Asalin tunanin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Shari'a ba ta ɗora diyyar kuskure a kan mutum guda ba, ta raba ta a kan aƙilarsa, dangin da ke tsaya masa, su biya cikin shekara uku. Direban kanta na yau ba shi da dangin da za su haɗa wannan kuɗi. Asusun da dubban masu motoci ke zuba wa kaɗan kaɗan shi ne abin da ya fi kusa da aƙila a zamaninmu.

Akwai tsoron da na yarda da shi ɗari bisa ɗari: duk sabuwar doka a kan titi tana iya zama sabon shingen karɓar na goro, talakan direba kuma shi zai sha wahala. Shi ya sa ban nemi a ƙara tsayar da motoci ba. Abin da nake nema ya fi haka ƙanƙanta. Ina so majalisar dokokin Katsina ta wajabta gwajin barasa da ƙwaya ga duk direban da ya yi haɗarin da aka mutu ko aka ji mummunan rauni, a yi shi a manyan asibitocin Malumfashi da Funtuwa da hannun ma'aikatan lafiya, sakamakon ya shiga takardar 'yan sanda, kuma wanda ya gudu ya ɓuya a lissafa masa gudun a matsayin ƙin gwaji. Wanda aka tabbatar, a dakatar da lasinsa, a aika wa ƙungiyar direbobi da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, KASSAROTA, sunansa, don kada ya bar tashar Kafur ya koma lodi a Bakori. Masu motocin da ke ɗora wa yaransu balas ɗin da ba a cika shi sai an hana ido barci, su ma a shigar da su cikin ƙarar diyya.

Ɗaya gyaran ba ya jiran majalisa. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai da ake tambaya da ƙaramar waya ta hanyar danna *565*11#, a sa lambar mota, a ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Ɗan kamasho zai iya yin wannan kafin ya rubuta mota a layi. Hakimai da dagatai kuma su sa ya zama ƙa'ida cewa ba za a zauna sulhun haɗari a zaure ba sai an ajiye takarda biyu a kan tabarma, ta gwajin direba da ta inshorar motar, kuma an aika cikin gida an ji ta bakin mai takaba.