Kicin ɗin Dogon Dutsi: a fara da tambayar mai girki

Sababbin gidajen siminti na ƙaruwa a Dogon Dutsi da Tibiri, kuma da yawansu sun zo da ɗakin da ake kira kicin: tayil a bango, kanta mai tsawo, ɗan famfo, taga ɗaya ƙarama. Magini ya gani a waya, maigida ya amince, an zuba kuɗi. Wata biyu da tarewa sai a tarar uwargida ta kafa murhu a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ɗakin kuwa ya koma ma'ajiyar kwanuka da buhunan gero.

Ta yi daidai, domin ɗakin bai dace da abincin Arewa ba. Tuwon gero na gidan mutum goma yana buƙatar tukunya babba, ta zauna daram kusa da ƙasa, mai tuƙi tana kan kujera 'yar tsugunno, muciya a hannu biyu. A ɗora wannan tukunya a kan kantar da ta kai ƙugu, kafaɗa za ta gaji kafin tuwo ya yi, ga haɗarin kifewa. Turmi kuma ba ya shiri da tayil. Ko da an kai gero inji, akwai dakan fura da na yaji da na daddawa, kuma taɓarya tana son ƙasa mai tauri da sarari a sama.

Kicin ɗin Turawa da ake kwaikwayo ma daga kallon mai girki ya samo asali. A 1926, a birnin Frankfurt na Jamus, Margarete Schütte-Lihotzky ta zana shi bayan nazarin motsin mace a lokacin aiki, don ƙananan gidajen ma'aikata masu gas da ruwan famfo. Wannan nazarin ne ya kamata magina a Matankari da Geceme su ɗauka, su zauna yini guda su ga yadda ake girki a gidan kafin su ja igiya.

Abu na farko da za su gani shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da itace da gawayi take, tana kashe kusan mutum miliyan 3 a shekara. Mace mai goyo da ke hura wuta a rufaffen ɗaki ita da jaririnta suke shaƙa tare. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Dallol Mawri, rufin kwano ba tare da mafitar iska ba azaba ce. Saboda haka madafa ta kasance gida biyu: rumfa mai rabin bango inda wuta take, da ɗaki rufaffe na ajiya da wanke-wanke. Rumfar ta ba gabas baya, domin daga can hadarin damina ke bugowa.

Sai makamashi. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gas ya shiga gidajen Nijar, kuma ƙaramar tukunya mai kilo 6 ta dace da miya da shayi da abincin safe. Amma gas yana yankewa, kuma ranar suna ko biki ba shi zai dafa wa unguwa ba. A tanadi gurbin murhu mai tsimin itace, irin Mai Sauƙi na ƙarfe ko Albarka na laka, waɗanda aka daɗe da sani a ƙasar. Dogaro da lantarki kaɗai kuwa, wanda ya ga yadda wuta ta yi ƙaranci bayan Najeriya ta yanke layinta a Agustan 2023 ba zai yi shi ba. Firji yana da amfani, randa ma a bar mata kusurwarta mai inuwa.

Ajiya ita ce aka fi mantawa. Gidan Arewa yana sayen gero da wake da buhu, kuma a lokacin sanyi dankalin Turawa na lambunan Dogon Dutsi yana araha. Dankali da albasa suna son duhu da iska, buhu yana son dakali da zai raba shi da danshin ƙasa da gara. Ƙananan akwatunan bango da ake gani a hoto ba za su ɗauki ko tiya goma ba.

Ruwan wanke-wanke ma ya samu hanyarsa zuwa ramin da aka rufe ko gindin zogale, kada ya kwanta a ƙofar gida ya tara sauro.

Duk wannan bai kai kuɗin tayil ba. Abin da ya fi wuya shi ne maigida ya kira uwargida ranar da magini ya zo auna fili, ta nuna inda tukunya za ta zauna, inda turmi zai tsaya, da inda za ta riƙa hango yara tana aiki. A gidan da mata biyu ke karɓar girki, a tambaye su duka, domin kowacce za ta so wurin kulle kayan miyarta.