Iyayenmu, Ku Yi Koyi da Aku



Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, ya san aku. A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri kuwa ya ƙulla makirci don a fitar da Musa ɗan Sarki daga gida a hallaka shi. Aku ɗan tsuntsu ne, ba takobi ba mashi, amma bai ji tsoron Waziri ba. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai ya tsare shi da labari har gari ya waye. A littafi na uku kuma, bayan aku ya zama waziri, sai ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa hikima da ladabi.

Abin lura shi ne, sai da aku ya tsaya a kan gaskiya da kansa kafin ya koyar da ɗansa. A ganina haka ya kamata iyaye su yi.

Amma a wasu gidaje, uba zai ce wa yaro kada ya yi ƙarya, da mai bin bashi ya yi sallama sai ya ce, "Je ka ce ba na nan." Wasu iyayen ma su ke ba da kuɗi a saya wa 'ya'yansu amsa a jarrabawar aji uku. To yaron nan, wanne zai ɗauka, faɗan ko aikin? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ƙin satar amsa ba abu ne mai sauƙi ba. Abokai za su ce kana da iyayi, wasu su daina kula ka. Yaro ba zai jure wannan ba sai in ya san a gida ana bayansa.

Don haka ina roƙon iyayenmu na Unguwar Sarki, idan ɗanku ya kawo maki 45 na guminsa, ku sa masa albarka, ku taimaka masa ya ƙara ƙoƙari. Idan ya yi laifi ya faɗi gaskiya, ku sassauta masa. Mu kuma ɗalibai, mu ari littafin nan mu karanta wa ƙannenmu da dare.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.