Tsohuwar Garaya ko Hannun da Ya Sassaƙa Ta?

Masu sha'awar jita a duniya sun daɗe suna gardama: wacce ta fi, wadda aka daina ƙerawa ko wadda ƙaramin masassaƙi ya haɗa da hannunsa? Masu son tsohuwa suna da hujja. Kamfanin Martin na Amurka ya bar amfani da katakon rosewood na Brazil a jitocinsa na yau da kullum a 1969, sannan a 1992 yarjejeniyar CITES ta ƙuntata cinikinsa tsakanin ƙasashe. Abin da ba za a sake yi ba dole ya yi tsada.

A cikin birnin Kano tambayar ta fi haka nauyi, domin mu ba samfuri ɗaya ke ƙarewa ba, sana'ar ce gaba ɗaya, tun da fiyano ya mamaye situdiyo. Garaya itace ce da fata da tsirkiya biyu. Fatar takan ɗaure da hunturu, ta saki da damina, wata rana ta tsage. In babu mai sake rufa ta, tsohuwar garaya ta zama kayan kallo, irin na Gidan Makama.

Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi. Darajarsa ba ta tsadar kayan haɗi ba ce, ta gwaninta ce.

Saboda haka mai kuɗin sayen tsohon kaya ya fara neman masassaƙi mai rai, ya ba shi aiki, ya biya shi ba tare da tayin wulaƙanci ba. Da wannan kuɗin ne zai iya riƙe almajiri.