Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Eagles da Waƙoƙinsu na Da

A shekarar 1971 ne aka kafa ƙungiyar mawaƙan nan da ake kira Eagles a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Sun yi suna a kiɗan rok, wato kiɗan da ake yi da jita mai lantarki da ganguna. A 1980 suka watse baram-baram saboda rashin jituwa, har jama'a suka ɗauka cewa rabuwar sai baba-ta-gani. An ce Don Henley, makaɗin gangarsu kuma ɗaya daga cikin manyan muryoyinsu, ya faɗa cewa ba za su sake hawa dandali tare ba sai ranar da wutar lahira ta daskare. Bayan shekara 14, a 1994, sai ga Henley da Glenn Frey da Joe Walsh da Don Felder da Timothy B. Schmit sun sake haɗuwa. Suka raɗa wa rangadin da faifansa suna Hell Freezes Over, suna yi wa kansu ba'a da waccan magana.

Faifan yana ɗauke da waƙoƙi 15, amma 4 kacal ne sababbi. Rangadin ya kai har 1996, kuma kuɗin shiga a wasu wurare ya haura dala 100, abin da ya jawo surutu a lokacin. Duk da haka filaye suka yi ta cika maƙil. Abin da dubban mutanen nan suka biya domin su ji shi ne Take It Easy ta 1972, da Desperado ta 1973, da uwa uba Hotel California ta 1976. Masu suka sun ce wannan ciniki ne kawai na begen zamanin da ya wuce, kuma mai sauraron da ya nace wa tsohuwar waƙa rago ne wanda ba ya son kunnensa ya koyi sabon abu. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen kuɗin. Amma game da mai sauraro, binciken kimiyya ya nuna cewa an yi masa rashin adalci.

Dalili na farko shi ne yadda ƙwaƙwalwa take ajiye abubuwa. A 1986 David Rubin da abokan aikinsa suka bayyana cewa idan aka ce wa dattijo ya tuno abubuwan da suka faru a rayuwarsa, kaso mai yawa na abin da zai ambata yakan fito ne daga tsakanin shekarunsa na 10 zuwa 30. Idan aka zana wannan a jadawali, sai a ga ya yi tozo a daidai wurin, don haka ana iya kiransa tudun tuna baya. A waɗannan shekaru ne mutum yake fara yawancin abubuwa: barin gida zuwa makaranta, abota ta ƙut da ƙut, soyayya, neman abin kai. Abin da aka yi karon farko ya fi kama zuciya, kuma waƙar da ake ji a lokacin takan manne da shi. A 1989 Morris Holbrook da Robert Schindler suka kunna wa mutane masu shekaru daban-daban waƙoƙin zamani iri-iri, suka gano cewa waɗanda aka fi so su ne waɗanda suka yi tashe lokacin da mai sauraro yake wajen shekara 24. To, wanda yake da shekara 20 sa'ad da Hotel California ta fito, ya kai 38 a 1994. Waƙar ta same shi yana kan tudun, kuma rangadin ya zo lokacin da yake da kuɗin tikiti a aljihu.

Dalili na biyu shi ne sabo. Tun 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu ko jinsa yakan sa a ƙara sonsa, ko da mutum bai lura ba. Desperado misali ce mai kyau. Eagles ba su taɓa fitar da ita a ƙaramin faifai ita kaɗai ba, amma mawaƙiya Linda Ronstadt ta rera ta, gidajen rediyo suka yi ta sa ta, sannan ta shiga faifan da ya tattara fitattun waƙoƙinsu na 1971 zuwa 1975. Wannan faifai, a ƙididdigar da aka yi a 2018, ya kai matsayin kwafi miliyan 38 a Amurka. Waƙar da ta shiga gidaje masu yawa haka ta riga ta zama 'yar gida.

Dalili na uku ya fi ban sha'awa. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da suka fi so. Sun gano cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, wanda yake da alaƙa da jin daɗi, a lokaci biyu: sa'ad da kiɗan ya kai ƙololuwar daɗinsa, da kuma 'yan daƙiƙoƙi kafin nan, lokacin da ake ɗokin isowarsa. Ɗoki kuwa ya fi ƙarfi ga wanda ya san abin da ke tafe. Duk wanda ya saurari Hotel California ta 1994 zai ji wannan da kunnensa. Mawaƙan sun ajiye jita mai lantarki, suka ɗauki ta katako, suka buɗe da doguwar shimfiɗa wadda ba ta cikin asalin waƙar. Jama'a suka yi tsit. Da sanannen amon farkon waƙar ya bayyana, sai wurin ya kaure da shewa, alhali ba a rera ko kalma ɗaya ba tukuna. Sabuwar waƙa, komai kyanta, ba za ta iya samun wannan shewa a daren farko ba, domin babu wanda ya san inda ta nufa.

Ke nan mai son tsohuwar waƙa bai yi laifi ba. Inda yake kuskure shi ne idan ya tsallaka daga "wannan na fi so" zuwa "wannan ta fi kowace kyau, waƙoƙin yanzu kuwa hayaniya ce". A nan ɗalibin kimiyya ya kamata ya tsaya ya yi tambaya. Abubuwa biyu ne suka cakuɗe: ingancin waƙar, da shekarun mai sauraro lokacin da ya fara jinta. Matuƙar ba a raba su ba, hukuncin bai inganta ba. Kowane zamani yana da tudunsa, kuma iyayen matasan 1976 su ma sun yi ƙorafin cewa rok hayaniya ce.

Wani zai ce, ai matasan da aka haifa bayan 1990 ma suna son Hotel California, wannan bai isa shaidar inganci ba? Shaida ce, amma ba cikakkiya ba. Lallai akwai gwaninta a waƙar, musamman a ƙarshenta inda jitar Felder da ta Walsh suke ba juna amsa kafin su haɗe. Sai dai a 2013 Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell da Justin Zupnick sun gano cewa ɗalibai suna da wani ƙaramin tudu na son waƙoƙin da suka yi tashe lokacin ƙuruciyar iyayensu, watau waɗanda suka tashi suna ji a gida. Ashe so ma ana gadonsa ta hanyar kunne.

Wannan batu ne da kowane aji zai iya gwadawa ba tare da ɗakin gwaji ba. Kowane ɗalibi ya tambayi manya 10 waƙar da suka fi so, ko ta Mamman Shata ce, ko ta Ɗanmaraya Jos, ko ta fim ɗin Indiya, sannan ya tambayi shekarunsu lokacin da suka fara jinta. Aji mai ɗalibai 40 zai tara amsoshi 400. A kasa su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, a zana jadawali a allo, a ga ko tozon zai fito da kuma inda zai fito. Malamin lissafi da na adabi za su iya haɗa hannu a wannan aiki, kuma ɗalibai za su koyi tattara bayanai da gano abin da ke iya gurɓata sakamako.

Glenn Frey ya rasu a watan Janairu na 2016, amma har yanzu Take It Easy, wadda shi ya ja baƙinta, tana tayar wa tsararrakinsa da tsumin ƙuruciya. Ɗalibin sakandare na yau shi ma yana kan hawa nasa tudun ne. Abin da yake cika kunnensa da shi a waɗannan shekaru, waƙa ce ko karatu ko hira, shi ne zai fi saurin dawo masa idan furfura ta fito. Saboda haka ya kyautu ya faɗaɗa abin da yake saurare tun yanzu, na gida da na waje, na da da na zamani. Malamai da iyaye kuma, kafin su yanke wa waƙoƙin yara hukunci, su fara lissafa shekarun da su kansu suke da su lokacin da suka fara jin wadda suke kira gagarabadau.