Abin da ke bayan "da sauƙi" a ɗakin ganin likita

Tambayoyin da ma'aikacin lafiya yake yi wa majiyyaci kafin ya taɓa jikinsa, abin da masana ke kira ɗaukar tarihin ciwo, wato bin diddigin yadda cuta ta faro da irin maganin da aka riga aka yi mata, su ne ginshiƙin gano cuta a duk inda kayan gwaji ba su wadata ba. A asibitin gundumar Madarumfa ta jihar Maradi, sashen yara yakan cika maƙil daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke haɗuwa da tamowa, rumbuna kuma sun yi ƙasa kafin gero ya nuna, ga iyaye mata da ke tsallako iyaka daga wajen Jibiya su biyo ta Ɗan Isa goye da ƴaƴansu. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a yunwar 2005, ta daɗe tana tallafa wa wannan sashe, gwamnati kuma ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar tun 2006. Magani ya samu gwargwado. Abin da ya fi ƙaranci shi ne saurare.

Bahaushe ba ya bayyana ciwonsa kai tsaye, domin tarbiyya ta koya masa cewa ƙorafi da yawa rashin haƙuri ne da hukuncin Allah, shi ya sa idan aka ce "yaya jiki?" amsar takan zama "da sauƙi", ko da yaron kwana uku ke nan bai kama nono ba. Uwa mai ɗan fari kuwa kunya kan hana ta ambatar sunansa, balle ta nuna zaƙuwa a kansa a gaban surukarta da ta rako ta, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, tsohuwar ce ke amsawa a madadinta alhali ba ita ta kwana da yaron ba. Ma'aikacin da ya rubuta "da sauƙi" ya wuce ya ji gaisuwa ne kawai, tarihin ciwo yana nan ba a taɓa shi ba.

Tausayi a wannan fage ba ya nufin zubar da hawaye tare da majiyyaci. Ma'anarsa ita ce ma'aikaci ya hango lamarin daga inda uwar take tsaye, sannan ya nuna mata ya hango. Amfaninsa ga gano cuta a fili yake. Uwar da aka tarba da "sai yanzu kika kawo shi?" ba za ta faɗi cewa wanzami ya cire wa yaron beli makon jiya ba, ba kuma za ta ambaci jiƙon da aka ɗura masa ko ƙwayoyin da ta saya wurin mai tebur ba, alhali waɗannan ne za su bayyana dalilin ƙarancin jininsa ko ƙin cin abincinsa. Jinkirin nata ma yana da dalilai: jiran izinin maigida da ya tafi cin rani, kuɗin kabu-kabu, aikin gona, da wanda za a bar wa sauran yara. Faɗa ba ya gusar da ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ya sa a karo na gaba ta fara da boka, wanda aƙalla zai shimfiɗa mata tabarma ya tambayi mutanen gida.

Wannan matsala ba ta Madarumfa kaɗai ba ce. Binciken Beckman da Frankel a Amurka a 1984 ya nuna cewa likitoci kan katse majiyyaci bayan daƙiƙa 18 a matsakaici da fara bayaninsa, littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003 kan asibitocin Yamai da Bamako da Dakar da Konakiri da Abijan kuma ya nuna yadda wanda ba shi da sanayya ke shan tsawa da wulaƙanci. Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan ma'aikacin jinya da ke duba layin da ba ya ƙarewa, amma gajiya ba ta hana amsa sallama, ko cewa "sannu Inna, zauna", ko barin uwa ta kai ƙarshen maganarta.

Akwai kuma batun harshe, domin ana koyon aikin likita da Faransanci a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, majiyyaci kuwa yana zuwa da "zahi" da "sanyi" da "shawara" da "haƙora", kalmomin da ba su yi daidai da rabe-raben cututtuka na littafi ba. Uwar da ta ce haƙora ne ke damun ɗanta sau da yawa zawo da masassara take nufi, saboda haka ya kamata makarantun koyon aikin lafiya su riƙa jarraba ɗalibi a kan tattaunawa da Hausa kamar yadda suke jarraba shi a kan allura, har da matakin ƙarshe na sallama, inda za a roƙi uwa ta maimaita da bakinta sau nawa za ta ba da maganin a yini, da alamun da idan ta gani za ta dawo ko da tsakar dare ne.