Makahon Gaske Ya Fi Iya Riƙe Sanda

Duk wanda ya taɓa kallon wasan kwaikwayon ɗalibai a bikin ƙarshen zango, a Keana ko wani gari namu, ya san fitowar makaho. Yaro ne mai ido garau, an ɗora masa baƙin tabarau, an ba shi sanda da ƙoƙon bara, yana cin karo da benci 'yan kallo suna shewa. Kurma kuwa aikinsa "me ka ce?" har a tashi. Yaran ba su da laifi sosai, abin da suka saba gani a fina-finanmu ke nan.

Abin kunyar, a jihar Nasarawa ake wannan. Umaru Tanko Al-Makura ya mulke ta daga 2011 zuwa 2019 yana da lalurar ji, kuma a zamaninsa aka gina makarantar masu buƙata ta musamman a Lafiya. Mun yarda mai lalurar ji ya riƙe jiha shekara takwas, amma fitowar minti goma a dandamali mun ce ta fi ƙarfin ɗan'uwansa?

Makahon gaske ba ya wulwula sanda a iska. Ƙasa yake taɓawa a hankali, yana sauraro, ya kira sunanka tun kana sallama daga zaure. Mai ido sai ya yi wata yana koyo bai kama wannan ba. A Amurka, Troy Kotsur, kurma ne tun haihuwa, ya ci Oscar a 2022 da maganar hannu a fim ɗin CODA. Ni burina ma ya wuce nan: a ba gurgu alƙali, a ba makaho ango, mai keken guragu ta fito dillaliyar gishirin Keana, labarin bai ko tsaya kan ƙafarta ba.

Daraktoci kan ce ai masu lalura ba sa zuwa neman aiki. Da ƙamshin gaskiya, kuma ku ma matasa masu lalura ku daina jiran gayyata; Yahaya Makaho bai jira ba a fagen waƙa. Amma wa ya je makarantar Lafiya ya yi cigiya? Dokar hana wariya ga naƙasassu ta samu sa hannu tun Janairun 2019, har yau dandamali da yawa sai an ɗauki mutum cak a hau da shi. Batun karanta labari kuwa, a naɗa wa makaho layukansa a waya kawai. Makafin da ke haddace izu sittin da kunne, shafi goma ba zai gagare su ba.